Hoton da Ba Shi da Isnadi

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar tsohon malami a ƙasar Gobir ko Katsina ya san cewa marubutanmu na dā ba su cika sakin littafi ba wutsiya ba. Idan mai kwafa ya kai ƙarshe, sai ya tsuke layukansa, ya yi hamdala da salati, sannan ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da wanda ya sa shi aikin da ranar da alƙalami ya huta. Mawaƙan Sakkwato kuwa, irin su Nana Asma'u, sukan cusa shekarar Hijira a baitocin ƙarshe ta hanyar ramzi, wato kalmar da kowane harafinta yake ɗauke da adadi, ta yadda mai ilmi zai lissafa ya fitar da shekara, wanda bai sani ba kuwa ya rera ya wuce. Mutanen da suka tashi a kan ilmin Hadisi sun san magana ba ta tsayawa da ƙafarta sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe, kuma a ina.

Masu ɗaukar hoto na Maraɗi, a zamanin fim da wanki, sun riƙe wani yanki na wannan al'ada. Ka juya bayan hoton, za ka tarar da hatimin shago, wani lokaci da kwanan wata da aka rubuta da biro. Daga baya aka zo da ƙananan kyamarori masu buga rana da shekara da jajayen lambobi a kusurwa. A lokacin ana ganin sun ɓata hoto. Yau su ake nema ruwa a jallo.

Da kyamara ta bar fim ta koma lambobi, sai wutsiyar ta shige ciki, ta koma goshin fayil, inda ido ba ya ganinta. A 1995 wata ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan ta fitar da ƙa'idar da ake kira Exif, wadda ta tsara yadda kyamara za ta rubuta bayanin kanta a cikin kowane hoto: sunan kamfani da samfurin na'ura, rana da sa'a har daƙiƙa, faɗin ƙofar da haske ya bi, tsawon lokacin da ƙofar ta yi a buɗe, ko an kunna walƙiya, da kuma tsawon hangen idon kyamara, wato gilashin nan na gaba, wanda ake aunawa da milimita. Sannu a hankali aka yi ta ƙara wa ƙa'idar gurabe. Gurbin sunan shi kansa idon da lambarsa bai samu shiga ba sai a 2010. Kafin nan kowane kamfani a wani lungu nasa yake ɓoye shi, da yaren da shi kaɗai ya sani, har sai da mutane irin su Phil Harvey, wani ɗan Kanada da ya fara manhajar ExifTool a 2003, suka zauna suna warware lungunan ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da ke faɗin tazarar agogon ƙasa da na duniya kuwa sai 2016. A kan wannan rubutu ne manhajojin tsara hotuna, irin su Lightroom da digiKam, suke dogara. Ka zuba musu hotuna dubu a cakuɗe, kafin ka gama shan shayi sun jera su shekara-shekara, wata-wata, kowace kyamara da garkenta.

Ni dai ba sha'awar na'ura ce ta kai ni ga wannan ilmi ba. Bayan rasuwar mahaifinmu a Sae Sabuwa, dangi suka ɗora mini tattara duk wani hoto ko bidiyo da yake ciki, tunda ni ne mai kwamfuta. Abu ya yi ta zuwa daga Maraɗi da Yamai da Kano, da wajen ƴan ci-rani: katunan memori a ƙulle cikin leda, faya-fayan biki da suka sha karce, abin da aka turo ta waya, da wata ƙaramar kyamara da Yaya ya saya a shekarun da suka biyo bayan yunwar 2005, wadda ta daɗe da mutuwa amma katinta yana nan. Na zuba su duka a manhaja. Hotunan da suka fito kai tsaye daga kyamara suka shiga sahu kamar masallata, har na iya bin Baba daga baƙin gemu zuwa furfura. Bidiyoyin kuwa suka taru a gefe guda kamar baƙin da ba a san masauƙinsu ba. Gurbin kyamara fayau, gurbin ido fayau. Wasu sun ɗauki ranar da na kwafe su a matsayin ranar haihuwa. Wasu ƴan kaɗan ma suka ce an ɗauke su ran 1 ga Janairu 1904, shekara guda ke nan bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato, ga kuma Baba a ciki yana riƙe da wayar hannu.

Wannan 1904 ba aljani ba ne. Tsarin QuickTime, wanda fayilolin MOV da MP4 suka gada, yana ƙidaya lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga farkon wannan shekara, saboda haka idan aka share gurbin ya koma sifiri, sai wata manhajar ta karanta sifirin a matsayin mafarin ƙidaya. Tushen matsalar shi ne bidiyo bai taɓa samun ƙa'ida ɗaya tilo irin ta Exif da kowa ya yarda da ita ba. Kowane kamfani da tasa hanyar. Wani ya cusa bayanin a cikin fayil ɗin, wani ya rubuta shi a wani ɗan fayil dabam da yake ajiyewa kusa da shi, kamar THM na tsofaffin kyamarorin Canon ko XML na Sony. Ko sa'ar ma ba a daidaita a kanta ba: ƙa'ida ta ce a rubuta agogon duniya, na'urori da yawa kuwa na gida suke rubutawa, mu kuma a Nijar da Nijeriya sa'a ɗaya muke gaba da na duniya, don haka bikin da aka ɗauka da sha biyu da rabi na dare yana iya komawa jiya. Akwai kuma wani dalili da ke cikin halittar abin. Hoto ƙiftawa ɗaya ce, bayani ɗaya ya ishe shi. Bidiyo tafiya ce. Mai ɗauka yana jawo nesa kusa, yana mayarwa, haske yana sauyawa, saboda haka bayanin ido sai dai a yi ta rubuta shi tare da tafiyar, a wani layi na musamman da manhajojin gida da yawa ba sa leƙawa.

Ƙari a kan haka, hanyar da bidiyo yake bi a wajenmu doguwa ce, kuma a kowane zango sai ya bar wani abu. Kaset ɗin MiniDV da masu ɗaukar biki suka yi amfani da shi a farkon ƙarnin nan yana adana rana da sa'a a jikinsa, amma da zarar an juye shi zuwa faifan da za a kai wa amarya, shi ke nan. Daga faifai zuwa kwamfutar mai turi a kasuwa, a matse shi don ya shiga ƙaramar waya, daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender. Mai turi kuma idan ya ga waɗancan ƙananan fayiloli da ba sa buɗuwa, shara yake ɗaukarsu. Ba na ganin laifinsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa takardar haihuwa yake sharewa.

Da abin ya tsaya ga jera tarihin iyali, da na haƙura. To amma bayan sadakar arba'in sai maganar gona ta taso tsakaninmu da ƴaƴan ƙanen mahaifinmu. Iyakar gonakin biyu layin gamba ce tun zamanin kakanmu, garma kuwa ta yi ta cin layin kaɗan-kaɗan har ya ɓace a tsakiya, daidai wajen wani gawo da Baba ya rena tun yana toho. Mai karatu da ya san ƙasarmu ya san gawo ba ƙaramin abu ba ne: ganyensa taki, ƴaƴansa abincin dabba, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na sarari. Gona kuma ta yi ƙaranci a Maraɗi, har taki biyar yana iya raba zumunci.

A cikin abin da na tattara akwai bidiyo na ƙasa da minti ɗaya. Baba yana tsaye a gonar, yana nuni da sandarsa, iska ta cinye muryarsa ƙaf. A bayansa ga gawon, ga kuma layin gamba tun yana cikakke. A ido, gawon yana zaune daram a kan layin. Ƴan'uwanmu suka ce ga shaida nan, icen na kan iyaka ne. Mu kuma mun san a cikin gonarmu yake. A nan ne na gane amfanin wannan milimita da na ɗauka kayan ƙwararru ne kawai. Idan mai ɗauka ya tsaya nesa ya jawo abu kusa, sai na gaba da na baya su manne da juna, tazarar taki goma ta koma kamar taki ɗaya. Idan kuwa ya matso ya buɗe hange, tazarar sai ta yi kamar ta ninka. Wanda ya san tsawon hangen da aka yi amfani da shi yana iya komawa wurin, ya yi ta matsawa gaba da baya har abin da yake gani ya yi daidai da abin da ke cikin hoton, ya tsaya inda mai ɗauka ya tsaya, daga nan ya auna. Bidiyon bai faɗi hangensa ba, bai faɗi ranarsa ba. Shaida ne da ya ga komai, amma ba ya iya cewa daga ina ya gani.

Abin da ya taimake mu wani hoto ne guda a katin Yaya, wanda bai taɓa barin katin ba. Baba ne da riga ɗaya da malfa ɗaya da sanda ɗaya, a gefen gawon, an ɗauka daga wata kusurwa. Wannan ya zo da isnadinsa cif: rana, sa'a, da hange a buɗe iyakar buɗewa. Muka je gonar da safe, mu da su, muka yi ta ja da baya har gawon da tudun da ke bayansa suka zauna yadda suke a hoton. Aka auna. Icen yana cikin gonarmu, amma bai kai nisan da muke faɗa ba.

Da muka kai wa Maigari, ya saurara har ƙarshe, ya juya hoton a hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan agogon da ke cikin akwatin, wa ya ɗaura shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Yaya ne, ran da ya saye ta."

Ya ce, "To, ashe shaidar yayanka ce, ba ta akwati ba."

Ya kira dattawa uku da suka yi noma a maƙwabtaka, da su aka yanke magana aka sake dasa gamba, hoton kuwa ya zama ɗan rakiya. Ban ji haushi ba, domin tambayarsa ita ce tambayar da duk masanin wannan fanni zai yi. Kyamara abin da aka gaya mata take rubutawa. Batir ya mutu, agogonta ya koma ranar da aka ƙera ta da ita. Kuma manhajar da ke karanta bayanin ita ce ke iya sauya shi cikin ƙiftawa. Malaman Hadisi ba su tsaya ga jin sunayen masu ruwaya ba, sai da suka binciki halin kowannensu. Wannan giɓi ne wasu kamfanoni da kafofin labarai, cikinsu har da Adobe da Microsoft da BBC, suka haɗu a 2021 don toshewa da tsarin C2PA, wanda ke sa hatimin da ba ya jure taɓawa. Leica ta fitar da kyamara ta farko mai irin wannan hatimi a 2023, a kan kuɗin da zai sayi gonar da muke rigima a kanta har da ta maƙwabta. Gwaggo kuwa, da aka nuna mata hoton, ba ta tambayi agogo ba. Ta ce gawo ya yi ganye, an kwashe kara, ga hazo a sama, wannan bayan kaka ne. Gawo shi ne icen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Watan da ta faɗa shi ne watan da na'ura ta rubuta.

Tun daga nan nake tunanin wane ne yake riƙe da tarihin wannan yanki na shekaru 50 da suka wuce. Duniya ta san Maraɗi da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona a rena su maimakon a sassabe, dabarar da Tony Rinaudo ya shiga yaɗawa tun 1983, manoman ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye kuma suka mayar da ita tasu. Manoma sun daɗe da sanin itatuwa sun dawo. Amma duniya ba ta gaskata ba sai da Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera hotunan sama na wuri ɗaya a shekaru dabam-dabam, irin na ƙauyen Galma a jihar Tawa, na 1975 da na 2003. Daga irin wannan aiki, shi da Chris Reij da abokan aikinsu, aka fitar da ƙiyasin kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Ƙarfin waɗannan hotuna ba daga kyansu yake ba. An san ranarsu, an san wurinsu, an san ma'auninsu. Haka ma yunwar 2005. Bidiyon da BBC ta ɗauka a Maraɗi a watan Yuli shi ya tayar da duniya, a shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, Shugaba Tandja kuwa ya fito a watan Agusta ya ce babu yunwa. Asalin waɗannan hotuna, da ranakunsu da sunayen wurarensu, suna hannun waɗanda suka ɗauka. Mu da aka ɗauka, namu hotunan na wannan zamani suna yawo a wayoyi ba uwa ba uba. Jikokinmu idan suka tashi rubuta tarihin Sae Sabuwa, rumbun baƙo za su je su roƙa, kuma abin da baƙo ya ga ya dace a ɗauka shi za su tarar: yaro a kan sikeli, ba ranar suna ba, ba kokawar bayan kaka ba.

Sai dai ba zan ce duk sharewa hasara ce ba. Wayar zamani tana iya rubuta daidai inda mutum yake tsaye, da kuskuren ƴan mitoci kawai. A Disamban 2012 wani hoto da mujallar Vice ta wallafa ya tona cewa attajirin nan John McAfee, da ake nema, yana Gwatamala, saboda ba a share wannan gurbi ba. Wannan labarin nesa ne, amma namu na kusa ya fi shi nauyi. Tun 2019 dubun-dubatar ƴan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, har aka zaunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori, kuma satar shanu da garkuwa da mutane ba su tsaya a kan iyaka ba. A irin wannan ƙasa, hoton garke ko na sabon gida da ke ɗauke da adireshinsa a ciki abin tsoro ne. WhatsApp da Facebook suna cire irin wannan bayani daga hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma a ganina daidai ne. Wanda yake son bayanin ya isa sai ya tura fayil ɗin a matsayin takarda. Abin da nake ƙi shi ne a ce kwafin hanya shi ne kaɗai ya rage, asalin kuwa an goge shi don a sami wurin sabon fim. Mai kuɗi ba ya yawo da takardar gonarsa a aljihu, amma ba ya ƙona ta.

Akwai kuma abin da na'ura ba za ta taɓa rubutawa ba, sai mutum: wane ne wannan, ɗan wane, bikin wa. Gurabe na nan don haka. Amma manyan guraben Exif na suna da bayani, a ƙa'ida, haruffan Ingilishi tsura suke karɓa, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, har sai da aka fitar da bugu na 3.0 a 2023, ko da yake tsarin XMP da Adobe ta kawo a 2001 ya daɗe da buɗe wannan ƙofa. Sunan garin ma sai an yi hattara: takardun hukuma Saé Saboua suke rubutawa, mu Sae Sabuwa, manhaja kuwa garuruwa biyu take ɗaukarsu. Hoton da aka rubuta wa gundumar Agye kafin 2011 yana iya zama na Gazawa yau, tunda a wannan shekara aka yanke ta ta zama gunduma.

Saboda haka duk zuwan da na yi gida, nakan zauna da Gwaggo a inuwar rumbu bayan la'asar, in buɗe bidiyoyin nan marasa rana ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa ina rubutawa. Ita ba ta ƙidaya da lambobi. Kamar yadda nata kakannin suke cewa kafin Kakalaba ko bayanta, ita ma cewa take shekara kaza bayan El-Buhari, wato yunwar 1984, ko damina biyu kafin a gina rijiyar siminti, ko lokacin wance tana goyon wane. Ni kuma in mayar da su shekarun Miladiyya, in sa alamar cewa daga bakinta na ji. A zaman da muka yi na ƙarshe mun kai ga wani bikin suna. Ta kira sunan kowa a cikin taron, har da waɗanda bayansu kawai ake gani, sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin zaure tana tsince wake. Na tsayar da hoton, na ƙara girmansa har fuskar ta fara wargajewa. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in bar gurbin haka nan, za ta tambayi matar liman ranar kasuwa.